Ba Kowane Ruwan Hanci Ne Mura Ba

Ɗana, hunturu ya kawo jiki, ka kuma san kayan da yake zuwa da su a ƙasarmu. Daga Kasuwar Daji zuwa Ƙaura Namoda, ka miƙa Zurmi ko Shinkafi, hazo a sama, ƙura a hanya, ƙaiƙayin gero da na dawa a masussuka. Duk wanda ka duba yana atishawa, ido ya yi ja, hanci na zuba. Ga mai ƙoshin lafiya abin bai wuce fitinar 'yan kwanaki ba. Wanda nake so mu yi magana a kansa shi ne mutumin da kansa ya taɓa buguwa: babur ya kayar da shi, ko katanga ta rufto masa da damina, ko an sauke masa gora a wata hatsaniya. Ya kwanta, ya tashi, ɗinki ya kame, kowa ya ce ai ya warke. Fata ce ta warke, ɗana. Ƙwaƙwalwa tana can tana nata jinyar a ɓoye.

Na san wani ma'auni, magidanci mai 'ya'ya, da ya faɗi da babur yana komowa daga cin kasuwa. Bayan mako uku ya koma rumfarsa. Mutumin da a da yake auna buhu yana hira yana ba da canji duk a lokaci ɗaya, sai ga shi in ya kai tiya bakwai lissafi ya kuɓuce, sai ya juye ya sake daga farko. Hayaniyar kasuwa tana sara masa kai. Duk da haka yana ɗan samun sauƙi, har hunturu ya shigo, ƙurar hatsi ta tayar masa da atishawa. Aka aiki yaro kemis. Cikin kwana huɗu ya koma barci a kan buhuna da rana tsaka, a yi masa magana ya tsaya yana kallon mutum. Mai ɗakinsa ta ce ciwon ya dawo. Yayansa ya ce, "Wannan ba na asibiti ba ne, hannu aka sa masa." Allah ya sa wata ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙanwar uwarsa, ta zo gaisuwa. Ta ce, "Yaya, a kawo mini duk abin da kake sha." Aka zube a tabarma: ƙwayar atishawa, ƙwayar mura, da kwalbar maganin tari. Ta karanta jikinsu, ashe magani ɗaya ne yake sha ta ƙofa uku.

Bari in warware maka yadda abin yake. Idan jikin mutum ba ya shiri da ƙura ko ƙaiƙayi, abin da likitoci ke kira alaji, yakan saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke kawo atishawa da ƙaiƙayin ido da borin jini. To shi wannan histamin ɗin yana da wani aikin a cikin ƙwaƙwalwa, yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke, hankalinsa a tattare. Tsofaffin magungunan atishawa, irin chlorpheniramine da ke cikin Piriton da yawancin haɗe-haɗen maganin mura, da promethazine, ba sa tsayawa a hanci, har ƙwaƙwalwa suke ratsawa. Kai mai lafiya ma ka sha ka ji jikinka ya mutu, balle ƙwaƙwalwar da take rarrafe. Akwai na baya-bayan nan, irin loratadine da cetirizine, da ba su cika shiga ƙwaƙwalwa ba, ko da yake cetirizine yakan sa wasu gyangyaɗi. Ba na ce ka je ka saya da kanka ba. Cewa na yi duk wanda zai ba ɗan'uwanka magani, fara gaya masa, "Ya taɓa buguwa a kai." Kalma biyar ce, amma sau da yawa ita ke canza abin da za a miƙo maka. Tramadol kuwa kada ya kusance shi, yana iya tayar da farfaɗiya. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018, shi ma haka, ya nisance shi.

Kafin magani ma, a rage ƙurar. Ya bar wurin shiƙa da casa na wannan shekarar. In zai fita, takunkumi ko rawani a hanci. A yayyafa ruwa kafin shara, a kakkaɓe shimfiɗa a waje, a ɗage masa turaren wuta da hayaƙin murhu. Hancin da ya toshe yana hana barcin dare, barci kuwa shi ne babban abincin ƙwaƙwalwar da ke ɗinke kanta.

Yanzu buɗe kunnenka da kyau, don abin da zan faɗa shi ya sa na kira ka. Ƙwaƙwalwa a cikin wani ruwa take zaune, garau kamar ruwan sama. Idan ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon kai ya tsage, ruwan nan yana iya samun hanya ya biyo hanci ko kunne. Mutanen gida su gani su ce mura ce, tunda lokacinta ne. Alhali ana iya bambancewa. Mura da alaji sukan kama hanci biyu, da atishawa da ƙaiƙayi. Wannan kuwa galibi ta ƙofar hanci ɗaya yake fitowa, tsinkakke, ba yauƙi, mai shi yakan ji gishiri-gishiri a maƙogwaro. Ka lura da shi a salla: in ya yi ruku'u ko ya kai goshi ƙasa sai ka ga ɗigo a tabarma. Kansa yakan yi ciwo in ya miƙe, ya lafa in ya kwanta. Ka ga haka, a garzaya da shi asibiti, kada ya fyace, kada a tura auduga, kada a ɗiga komai, kada ya shaƙa ruwa da ƙarfi wurin alwala. Ku tambayi malaminku sauƙin da aka yi wa marar lafiya. Ƙofar da ruwa ya fito, ta nan cuta ke shiga, sunanta kuwa sanƙarau. Mu ba sai an ba mu labarinsa ba. Annobar da ta ci rayuka fiye da 1,000 a Najeriya a 2017, daga Zurmi aka fara jin ɗuriyarta a ƙarshen 2016.

Haka nan in ciwon kai yana ƙaruwa, ko amai a kai a kai, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko jijjiga, ko gefe ɗaya ya saki, ko harshe ya karye, ko wuya ya sanƙare da zazzaɓi, ba a jiran gari ya waye. Babban asibitin Ƙaura ne kusa, daga nan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, in abin na tiyatar ƙwaƙwalwa ne a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, na san kuɗin mota da na hoton kai ba wasa ba ne. Ai don irin wannan ranar ake da dangi. Jini yakan taru a hankali cikin ƙoƙon kai, musamman ga dattawa, sai bayan makonni alamarsa ta fito, lokacin har an manta da faɗuwar.

Saura haƙuri, shi ne mai wuyar. Ƙaramar buguwa takan washe cikin makonni. Babba kuwa, mafi yawan sauƙin yakan zo a wata shida na farko, sauran ya yi ta tsattsafowa har shekara biyu ko fiye. A tsakanin nan za ka ga mantuwa, saurin fushi, gajiya tun hantsi. Wani ma jin ƙamshi da wari yake rasawa, tuwo ya ƙone a gabansa bai sani ba, don haka kada a bar shi da wuta ko fetur shi kaɗai. Kada ka ce masa, "Ba yanzu na gaya maka ba?" Ya san ka gaya masa, abin da ke cin ransa ke nan. Ba shi saƙo ɗaya, ya gama, sannan na biyu. Ɗaura masa ayyukansa a lokutan salla: maganin safe bayan asuba, hutu bayan azahar. Babur kuwa ya haƙura da tuƙi sai likita ya yarda, don buguwa ta biyu a kan ta farko ta fi muni. Ku kuma da kuke ganin hular kwano kayan 'yan birni ce, na bar ku da ma'aunin nan.

Da aka janye masa magungunan, cikin 'yan kwanaki idonsa ya buɗe. Lissafin dai bai dawo a lokacin ba. Sai ɗansa ya samo masa ƙwayar gyaɗa goma a ɗan gwangwani. In ya juye tiya ɗaya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ajiye gefe. Rabin yini yake yi, da azahar ya koma gida. Zuwana na ƙarshe na tarar da gwangwanin a gefen buhu, yana auna wa wata tsohuwa dawa, takunkumi a hancinsa. Har ya kai tiya tara bai taɓa gyaɗar ba, sai a ta goma na ga hannunsa ya nufi gwangwanin, ya tsaya, ya ce mata, "Goma ke nan, Inna, ko?" Ta ce goma ne.