Kowane Rai Yana Da Fuska



Watan Nuwamba ya kama, watan da Ikkilisiya mai tsarki ta keɓe domin yi wa matattunmu addu'a. Tunaninmu na wannan wata zai tashi ne daga wani hoto da ke cikin wani gidan tarihi mai nisa da mu, a birnin Kigali na ƙasar Ruwanda.

Daga ranar 7 ga Afrilu, 1994, cikin kwanaki kamar ɗari, an hallaka mutane kimanin 800,000 a wannan ƙasa, yawancinsu 'yan ƙabilar Tutsi. A shekarar 2004 aka buɗe gidan tunawa da su a unguwar Gisozi, inda aka binne fiye da mutum 250,000. Mai ziyara yakan bi ɗaki ɗaki yana karanta tarihin, yana ganin adduna da ƙasusuwa, har ya iso ɗakin yara. A can akwai babban hoton wata yarinya 'yar shekara 12. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa iyo ne wasan da ta fi so, ƙwai da soyayyen dankali ne abincinta, yayarta kuwa ita ce babbar aminiyarta. Layi na ƙarshe ya nuna cewa da adda aka kashe ta. A ɗakin kuma akwai hoton yaro ɗan shekara 10, mai son ƙwallo da sa mutane dariya, wanda burinsa shi ne ya zama likita. Nan ne hawayen mutane da yawa suke zuba, ko da sun daure a sauran ɗakunan.

Me ya sa haka? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Zuciyar ɗan Adam ba ta iya ɗaukar 800,000, gama lamba ba ta da uwa, ba ta da abincin da take so. Amma yarinya mai son ƙwai, kowannenmu yana da irinta a gida. Da wannan ido ne Allah yake dubanmu. Littafin Farawa ya koya mana cewa cikin kamanninsa ya halicce mu, kuma sa'ad da aka zubar da jini na farko a duniya, Habila ɗaya tak ya nema a hannun Kayinu. A Bisharar Yahaya sura 10, Makiyayi mai kyau da suna yake kiran tumakinsa. Haka kuma a tasha ta shida ta Hanyar Gicciye muna tunawa da Veronika: taro yana ganin mai laifi da za a kashe, ita kuwa ta ga fuska, ta share ta da mayafinta, kamannin Ubangiji suka zauna a jikin mayafin.

Mu ma a nan mun san yadda ake mayar da mutum lamba. A watan Maris na 2022 labarai suka ce an kashe 'yan sa-kai fiye da hamsin a yankin Sakaba, bayan 'yan kwanaki kuma jami'an tsaro 19 suka faɗi a nan Kanya. Duniya ta ji adadi, ta wuce. Amma kowannensu yana da wanda yake jiransa da tuwon dare, yana da gonar da ya bari, yana da sunan da mahaifiyarsa take kiransa da shi. Idan mu ba mu riƙe fuskokinsu ba, wa zai riƙe?

Akwai darasi na biyu, wanda ya fi wuyar haɗiyewa. Kafin a sari yarinyar nan da adda, sai da aka fara shafe fuskarta da baki. Gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai, har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa mutum. Da yawa daga cikin masu kisan an yi musu baftisma, an kuma kashe dubbai a cikin majami'un Nyamata da Ntarama. Saboda haka ne a shekarar 2017 Paparoma Francis ya roƙi gafarar Allah domin zunuban 'ya'yan Ikkilisiya a wancan lokaci. Kada mu ce wannan ba zai iya faruwa da mu ba. Neman adalci wajibi ne, kare gari kuma halal ne. Amma ranar da muka ɗora laifin ɗan bindiga a kan dukan Fulani, har 'yar da take kawo nono kasuwa ta zama abokiyar gaba, mun kama hanyar da ta kai ga wancan ɗaki. Annabi Ezekiyel a sura 18 ya nuna cewa kowa alhakin kansa zai ɗauka.

Akwai wata hanya. Ranar 30 ga Afrilu, 1997, a makarantar horar da firistoci ta Buta a ƙasar Burundi, 'yan bindiga suka umarci ɗalibai su rabu, Hutu gefe, Tutsi gefe. Suka ƙi, aka kashe 40 daga cikinsu. Sun ci abinci tare, sun san fuskokin juna, shi ya sa suka kasa ba da juna.

Don haka, a Lahadin wannan wata, kowane gida ya kawo hoton wanda ya rasa, a ajiye gaban bagade. Wanda ba shi da hoto ya ba katikis sunan, a rubuta, a karanta da ƙarfi lokacin Misa. Kada a manta da maƙwabtanmu Musulmi da masu bin addinin gargajiya da suka mutu tare da namu, gama Mahalicci ɗaya ne ya siffanta su.

Ubangiji ya jiƙan matattunmu, ya nuna musu hasken fuskarsa, mu kuma ya ba mu idon Veronika. Amin.