Harbin Gaba da Harbin Baya

Akwai wata tambaya da a da ba a jin irinta a bakin mutanenmu, amma yanzu ta fara ratsa hirar magidanta a dandali da bakin kasuwa, daga Kalgo zuwa Gwandu, har ƙauyuka irin su Cheberu. Tambayar kuwa ita ce: idan tilas ta sa mutum zai bar wa iyalinsa makami a ɗaki, wace irin bindiga ce mace za ta iya harbawa ba tare da ta doke mata hannu ba?

Ba mu ga laifin mai wannan tambaya ba. Ƙasarmu ƙasar cin rani ce. Da zarar an kawar da amfanin gona sai maza su bazama kudu neman na tuwo, a bar mata da yara da tsofaffi. Labaran da ke iso mu kuwa ba masu sa barci ba ne. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri sun kwashi ɗalibai. A watan Nuwamban 2024 Lakurawa sun afka wa garin Mera a ƙasar Augie sun kashe mutane. Duk a cikin Jihar Kebbi ne. Wanda ya ji waɗannan, sannan ya dubi ƙyauren langa-langan da ke ƙofar ɗakin matarsa, in ya fara tunanin bindiga ba za a ce ya zautu ba. Ƙauna ce ta kawo tambayar. Sai dai ƙauna ma takan yi tambaya a karkace.

Mu fara da ita bindigar. Bahaushe kalma ɗaya ya ba abubuwa uku: maharbi ya yi harbi, jaki ya yi harbi, kunama ta yi harbi. Har ɗan ƙarfen nan da ake ja da yatsa kunama ya kira shi. Kamar dai ya lura tun tuni cewa wannan abu, irin na jaki, ta baya ma yana duka. Masana sun bayyana dalili tun 1687, lokacin da Isaac Newton na Ingila ya nuna cewa duk abin da ya tura wani abu gaba, shi ma za a tura shi baya da ƙarfi daidai wa daida. Masuntanmu na gulbi ba su buƙaci Newton ba. Sun san wanda ya yi tsalle daga ƙaramin kwalekwale zai cilla shi baya da nisa, alhali babban jirgi da ƙyar zai motsa. Haka abin yake ga bindiga: in harsashin iri ɗaya ne, mai nauyi ita ke shanye dukan, 'yar ƙarama mara nauyi kuwa ita ke sauke shi duka a wuyan hannun mai riƙe da ita.

To, ga inda zancen yake. Magidanci ya dubi hannun matarsa ya ga ƙarami ne, sai ya yanke cewa 'yar ƙarama ce ta dace da ita, wadda ba ta da nauyi, wadda za ta shige ƙarƙashin matashi. Da kyakkyawar niyya ya zaɓo mata wadda ta fi duka. Me ya jawo haka? Ya auna da ido, bai auna da hannunta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a nan ba a tambayi mai ɗakin ba. Kuma matar da ake wa kallon mara ƙarfi ita ce ke ɗaga taɓarya tun asuba, ita ke jan guga daga rijiya mai gaba goma. Ba mu tsammanin ƙarfin damtse ne matsalarta.

Kafin mu yi nisa, dole a faɗi abin da doka ta ce, don kada hira ta kai wani gidan kaso. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da 'yan uwanta da ake ɗurawa ta baki, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Bindigar farauta irin mai baki biyu, wannan izininta na hannun Sufeto Janar. Ƙaramar bindigar hannu kuwa, libarba da fistol, dokar ta jera su ne tare da makaman soja a cikin haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Wato abin da a Amurka miji da mata kan shiga kanti su gwada su zaɓa, a nan laifi ne babba a same shi a ɗakin talaka. Abin da manomi zai iya kaiwa gare shi ta halal ita ce bindigar toka ta maƙera, wadda ake wa kirari da harba-ka-ruga, ita kuwa ba ta san sauƙi ba, in an cika mata albarushi ma takan fashe a hannun mai ita.

Amma a ce doka ta yarda, a ce kuma an samo wadda ba ta duka ko kaɗan. Shin an gama? A ganinmu a nan ne ma tambayar ta fara. Dukan da ke sauka a hannu kwana biyu ne ya warke. Akwai wani da ke sauka a zuci, wanda babu maƙerin da ya san yadda ake rage shi. Wanda ya harbi mutum, ko da ɓarawo ne, ko da da gaskiyarsa, ya ɗauki wani kaya da zai kwana da shi ya tashi da shi. Tsofaffin sojojinmu da suka dawo daga yaƙin basasa a 1970, da yawansu ba su son a tayar da zancen, kuma su an horar da su, an ba su umarni, suna da abokan da suka ga abin da suka gani. Ita fa? Ita kaɗai ce, cikin duhu, ga yara a bayanta, ga inuwa a bakin ƙofa wadda ba ta tantance ko ɗan fashi ba ne ko ƙanin mijinta da dare ya yi masa a hanya. Malamanmu na Malikiyya sun halatta tunkuɗe mai kawo hari, amma sun ce a fara yi masa gargaɗi in da hali. Wannan hukunci na daƙiƙa ɗaya shi ne ainihin abin da mijin ya bar mata, ƙarfen nan ɗan rakiya ne.

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da labarin da ya kamata ya sa mu yi hattara. Masu tarihi sun kawo cewa kafin hijirar Gudu ta 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya kira Shehu Usmanu Alƙalawa, ya ɗana masa bindiga, sai wutar ta komo kansa ta ƙone shi. Ba a daɗe ba kuma, a Tafkin Kwatto, rundunar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, wadda ƙarfinta baka da kibiya ne, ta karya dawakin Gobir. Kowa da abin da yake ɗauka daga waɗannan labarai. Mu abin da ya tsaya mana shi ne, makami bai san mai shi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a son faɗa a dandali. Ɗan fashi, in ma zai zo, dare ɗaya zai zo. Bindigar kuwa kullum tana ɗaki: ranar suna, ranar da yara ke wasan ɓuya, ranar da kishi ya motsa, ranar da maigida ya dawo ransa a ɓace. A 1993 wani likita a Amurka, Arthur Kellermann, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin kashe-kashen da aka yi a cikin gidaje, suka tarar gidan da ke da bindiga haɗarin kisa a cikinsa ya kusa ninka na wanda ba shi da ita sau uku, kuma yawanci ba baƙo ne ke yin kisan ba, na gida ne. Amurka ba Kebbi ba ce, mun sani, can ba a kwashe ƙauye guda a kora daji. Amma fushi ba shi da ƙasa. Akwai matar da in aka tambaye ta tsakani da Allah, za ta ce ta fi samun barci in babu bindiga a gidan, kuma ba za ta iya faɗin dalili a gaban mijin ba.

Kada a ɗauka muna cewa mace ba ta da haƙƙin kare kanta, ko makami bai dace da hannunta ba. A yaƙin Hunainu, Ummu Sulaim ta ɗaura wuƙa a jikinta, mijinta Abu Ɗalha ganinta kawai ya yi da ita. Ita ta ga haɗarin, ita ta zaɓi abin da za ta iya, ita ta ɗauka. Akwai irinta a ƙauyukanmu, kuma wanda ya hana irin wannan mace don wai ita mace ce, ya yi irin kuskuren wanda ya danƙa wa wadda ba ta so. Dukansu biyu sun yanke mata hukunci ba ta wurin.

Wani abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya kuma shi ne yadda kayan ke gangarowa. Tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Amma a 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu, a watan Yunin 2022 kuma gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi izinin riƙe bindiga. Hukuma ta sauke wa magidanci, magidanci zai tafi cin rani ya sauke wa matarsa. Ita wa za ta sauke wa? Duk wanda ya miƙa kayan yakan yi ƙoƙarin naɗa masa gammo mai laushi, don ya ji daɗin cewa ya kyauta. Neman bindigar da ba ta duka yana kama da wannan gammo.

Da za a zauna da ita a tambaye ta, ba mu san abin da za ta zaɓa ba, kuma matan Cheberu ba bakinsu ɗaya ba. Wata ƙyauren ƙarfe za ta nema da sakata mai kyau. Wata waya mai caji da lambar maƙwabcin da zai ɗauka ƙarfe biyun dare. Wata ta ce a mayar da ita gidansu har damina, wata ta ce Malam ya haƙura da tafiyar bana a ci abin da ya samu. Wata kuwa za ta ce a kawo bindigar, a koya mata da rana tsaka, a nema mata izini da sunanta. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin sharaɗi ba ne, domin izinin bindiga na mutum ɗaya ne, wanda aka rubuta sunansa a takardar. In ta harba ta mijinta alhali yana Legas, ita 'yan sanda za su tarar a gidan da safe, kuma ita za ta tsaya gaban alƙali.