Majinyaci da Harshensa: Daidaito ko Adalci?

Ƙasar Dakusa, a arewa da birnin Damagaram, cikin gundumar Takeita, ƙasa ce ta manoma Hausawa, amma ba su kaɗai ke shan ruwan rijiyoyinta ba. Fulani da Buzaye suna ratsa ta da bisashensu, su nufi Damargu da damina, su gangaro bayan girbi. Ƙofar asibiti ɗaya ce ga kowa, kuɗin ganin likita ɗaya ne, layi ma ɗaya. Duk da haka wanda ya daɗe yana lura ya san mutanen ruga da na zango ba su cika zuwa ba sai ciwo ya ci jiki. Daga nan tambaya ta taso, wadda ta shafi ɗabi'a fiye da yadda ta shafi allura: in aka yi wa kowa abu iri ɗaya, an yi wa kowa adalci ke nan?

Hukuma ba ta zauna hannu rabbana ba. Bayan shirin Bamako na 1987, wanda ya ɗora wa majinyaci wani kaso na kuɗin magani, an gina ɗakunan shan magani a karkara cikin shekarun 2000, sa'an nan a 2006 aka yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki. Wannan alheri ne babba. Sai dai an yanka rigar ne bisa awon mazaunin gari, mai gida tsayayye, wanda zai iya komowa ranar da aka rubuta masa. Rigakafin jariri yana neman zuwa sau da dama cikin shekararsa ta farko. Uwar da ta karɓi allurar fari kusa da Dakusa tana iya kasancewa bayan Tanut ranar ta biyu. Dokar ba ta ware ta ba, amma ba ta gan ta ba.

Binciken da aka yi a Cadi wajen shekarar 2000 ya fito da wani abin mamaki: a cikin rugagen da aka duba, shanu sun fi yara samun rigakafi. Ba don iyaye sun fi son shanu ba ne; likitan dabbobi ne ke bin makiyayi har mashaya, likitan mutane kuwa yana zaune yana jira. Da aka haɗa ayarin biyu a mota ɗaya, sai iyaye suka fito da yaransu. Ashe abin da ake kira taurin kai, sau da yawa nisan hanya ne.

Akwai kuma nisan da ba a auna shi da kilomita. Ma'aikacin lafiya ya yi karatunsa da Faransanci, yana magana da majinyaci da Hausa, ita kuwa Bafulatanar da ke gabansa da Fulatanci take jin ciwonta. Hausar kasuwa ta ishe ta sayar da nono, amma ba ta ishe ta bayyana jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa ba. Sai a nemo tafinta, galibi mijinta ko surukinta, wato mutanen da kunya ta fi hana ta buɗe baki a gabansu. An tarbiyyantar da ita a kan cewa raki abin kunya ne, don haka ta daure ta yi shiru, shi kuwa malamin asibiti ya ɗauki shirun a matsayin sauƙi. Haka Buzun da aka ce ya sauke amawali ya buɗe baki a bainar jama'a: abin da ake gani gardama, a wurinsa tsare mutunci ne. Labule ɗaya da kalma biyu na girmamawa da sun warware matsalar.

A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar da littafi kan zamantakewar ma'aikatan lafiya da majinyata a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Sun nuna cewa mai sanayya a asibiti ana tarbarsa da fara'a, baƙon da bai san kowa ba kuwa yakan sha tsawa da jira. To, wa ya kai makiyayi baƙunci? Ba shi da ɗan'uwa cikin ma'aikata, ba shi da takarda, tufarsa ma tana faɗin asalinsa tun daga nesa. Wanda aka wulaƙanta sau ɗaya ba shi kaɗai zai ƙaurace ba, rugarsu duka za ta ji labari. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. A asibiti kuwa ita ce rabin magani.

Amma wani zai ce: in aka bi al'adar kowa, ina za a tsaya? Tambaya ce mai nauyi, domin ba kowace al'ada ce mai ceto ba, kuma ta masu rinjaye ma ba ta kuɓuta ba. Cire beli da askar da ba a dafa ba yana jawo wa jariri zubar jini da cuta. Yankan gishiri na cikin abubuwan da ke haddasa yoyon fitsari. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Likitan da ya ga wannan ya kau da kai da sunan girmama al'ada bai girmama kowa ba. Ya dai yanke hukunci a ransa cewa waɗannan mutane ba su cancanci a gaya musu gaskiya ba. Wannan ma raini ne, ya sa rigar ladabi kawai.

Saboda haka abin girmamawa shi ne mutum, al'ada kuwa hanyar isa gare shi ce. Sanin dalilin da ya sa kaka ta kira wanzami shi ke ba ma'aikaci bakin da zai roƙe ta ta kawo jikan asibiti tukuna. Hana abu da tsawa yana sa a ɓoye shi ne kurum. Ungozomar gargajiya da wanzami da malamin tsangaya, in aka jawo su jiki, su ne za su turo majinyaci da wuri.

Ba a manta ba cewa ma'aikacin karkara yakan kasance shi kaɗai a bakin aiki dare da rana, ga ƙarancin magani, ga jinkirin biyan kuɗin jinyar da aka yafe. Ba daidai ba ne a ɗora masa kayan da ya kamata al'umma ta ɗauka. A nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ke da rabo: tattara sunayen cututtuka da sassan jiki cikin Fulatanci da Tamajak da Barbarci da Tubanci, horar da mata tafintoci masu riƙon sirri, da ƙarfafa ƴaƴan makiyaya su kai ga makarantun kiwon lafiya.

A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin farin ciki ne, amma amana ce kuma. Bahaushe ya daɗe yana tsayawa gaban teburin da ake yanke al'amarinsa da harshen da ba ya ji. Ya san ɗacin abin. Yanzu da harshensa ya hau kujera, za a gane darajarsa ne ta yadda ya saurari wadda ta zo da ɗanta a goye, tana neman kalmar da za ta faɗi inda ke yi masa ciwo.