Jiki Mai Sauyawa da Tambayar Wane Ne Mutum

Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa jikin ɗan Adam ba ya zama a kan hali guda, domin ƙwayoyin halitta, wato ƙananan sassan da ido ba ya gani waɗanda da su aka gina tsoka da ƙashi, suna mutuwa ana maye gurbinsu dare da rana. Jajayen ƙwayoyin jini kimanin kwana 120 suke yi kafin saifa da hanta su tace su, waɗanda suka lulluɓe cikin hanji kuwa ba sa cika mako guda.

Daga nan tambaya mai nauyi take tasowa: idan naman dattijo ba shi ne na ƙuruciyarsa ba, wa ake bi bashin da ya ci yana saurayi? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tafi a kan cewa haƙiƙanin mutum shi ne rai, jiki kuwa kayan aikinsa ne. Masu saɓa masa suna kafa hujja da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda akasarinsu suke tare da mutum tun haihuwa, sai dai hujjar ba ta gamsar ba, tunda yawancin sinadaran da ke cikin waɗannan ƙwayoyin su ma sauyawa suke yi.