Shirun Mai Ilmi: Ladabi Ne Ko Ha'inci?

A ƙasar Rano da Kibiya, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ana horon yaro tun yana ƙarami kada ya musa wa babba magana. Horo ne mai kyau, shi ne ya riƙe gidaje. Amma ga wata tambaya da zamani ya kawo. Idan yaro ya tafi jami'a ya koyo abin da ya saɓa wa maganar dattawan garinsu, alhali kuwa shirunsa zai bar mutane cikin cuta, wanne ya fi cancanta gare shi, ya kame bakinsa ko ya faɗa?

A ɗauki misalin ɗalibin da ya karanta ilmin halittu, watau sanin sha'anin abubuwa masu rai, tun daga tsiro da dabba har ƙwayoyin da ido ba ya gani. Ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, da Jami'ar Bayero ta Kano, da kuma ta Wudil. Shekara huɗu ake yi. Mutane da yawa suna raina wannan karatu, suna cewa na wanda ya rasa shiga aikin likita ne, ya ɓuge da feɗe kwaɗi. Feɗe kwaɗon dai ana yi, ba ƙarya. Amma a nan ne kuma ɗalibi yake fara leƙa ɗigon fitsari a madubi mai ƙara girman abu, ya ga ƙwan tsargiya da idonsa, da ɗan tsininsa kamar ƙaya.

Ga abin da za a koya masa. Tsargiya tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz ya fara ganinta a Alƙahira a 1851, sa'an nan a 1915 wani Baturen Birtaniya, Leiper, ya tabbatar da hanyar da take bi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata ƙaramar katantanwar ruwa wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba. A ciki suke hayayyafa. Bayan kamar wata guda sai su fito dubbai, galibi da tsakar rana, daidai lokacin da yara suke faɗawa ruwa don zafi. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke huda mutum su shiga. Su girma a jijiyoyin jini, mace da namiji su zauna kusa da mafitsara shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke raunata mafitsara, jini ya biyo ƙarshen fitsari.

To, ɗalibin nan ya dawo gida. Ruwa kuwa ya yawaita a ƙasarsu tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Kadawa da Bunkure da Kura. An sami shinkafa da alkama da tumatir a rani. Amma ruwan da yake kwance shekara duka, mai ciyawa a gefe, shi ne gidan katantanwa. Haka kuma kududdufan bayan gari inda aka ɗebi ƙasar gini. Ɗalibin ya tarar ƙanensa yana fitsarin jini, ya ji kawunsa yana cewa, "Ba kome, girma ne ya zo, mu ma duk mun yi." Wani ya ce zafin rana ne.

Mai goyon bayan shiru yana da hujja, kada a raina ta. Zai ce kawun nan ya ci da gida shekara arba'in, watakila ma awakinsa aka sayar aka biya kuɗin jami'ar. Yaya yaron jiya zai tsaya gaban mutane ya nuna masa bai sani ba? An kuma ga 'yan boko da yawa waɗanda suka dawo da girman kai, suna yi wa iyayensu kallon jahilai, har mutane suka tsani maganarsu ko da gaskiya ce.

Duk da haka hujjar ba ta tsaya ba. Ladabi haƙƙin kawu ne, amma lafiya haƙƙin ƙanen ne, shi kuwa ba shi da bakin magana. Ciwon da aka bari yana rage jini, ya sa yaro kasala a gona da makaranta, ya ɓata mafitsara da ƙoda in an daɗe, mace kuma yana iya hana ta haihuwa. Wanda ya san wannan duka ya yi shiru don kada a ce ba shi da kunya, to, sunansa ya kare da jinin ƙanensa. Kawun ma ba don ya cuci yaro ya faɗi haka ba. Abin da ya gani ya faɗa: kusan kowane yaro yana yi, kuma jinin yakan ragu in an girma. Da ya leƙa madubin nan, shi zai fara kai yaron asibiti.

Saboda haka abin dubawa shi ne yadda za a faɗa. Ba a dandali ba, ba da Turanci ba. Ya sami kawun shi kaɗai a zaure bayan magariba, ya durƙusa ya ce, "Kawu, ga wani abu da aka nuna mana, ina so ka duba." Ya roƙa a je asibitin Rano a auna fitsarin. In an gani, kawun da bakinsa zai gaya wa tsararrakinsa, su kuwa sun fi jin tasa.

Sai dai faɗar ma ba ita ce ƙarshen nauyin ba, a nan kuwa masu ilmi da yawa suke gazawa. Abu ne mai sauƙi a ce wa mutane kada su shiga ruwa. Mai dashen shinkafa a ina zai tsaya? Matar da ba ta da rijiya a ina za ta yi wanki? Maganin da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sabuwa shiga in an koma ruwan. Ɗalibin ya san wani abu mai araha: 'ya'yan tsutsar ba su wuce kwana biyu da rai in ba su sami mutum ba, watau ruwan wanka da aka ɗebo aka ajiye a randa kwana biyu ya kuɓuta. Ya san kuma in fitsari bai shiga kududdufi ba, katantanwa ba ta da abin ɗauka. Sauran aikin na dagaci ne da hakimi da ƙaramar hukuma, a haƙa rijiyoyi, a gina makewayi a makarantu da bakin kasuwa. Su kuma ba za su san kududdufin da ya kamata a fara da shi ba sai wani ya sa dogon takalmi, ya ɗauki rariya, ya bi su ɗaya ɗaya yana ƙidayar katantanwa.