Sutura da Mutuncin Mai Lalura

A kwanakin baya mun lura cewa wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ya shekara fiye da talatin yana zama a benci na biyu a majami'armu, ya daina zuwa Misa. Da muka je gaishe shi, muka iske shi garau a zaure yana karanta jarida. Sai da muka yi sallama, ɗansa ya raka mu waje, sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Fada, tun bayan aikin da aka yi wa Baba a asibiti ba ya iya riƙe fitsari. Muna sa masa famfas na manya, da wandon roba a kai don kada tufafi su jiƙe. To, wandon ne mai kauri, yana ƙara kamar leda in ya tashi ko ya durƙusa. Ya ce gara ya zauna a gida da a ji wannan ƙara a tsakiyar jama'a. Ko Fada ya san inda ake samun marar kauri, wanda ba ya ƙara?"

Ba a koya mana amsar wannan tambaya a seminari ba. Amma da muka yi ta juya ta a zuciya, sai muka ga akwai wata babba a ƙarƙashinta. Shin daidai ne mutum ya yi ta wahalar ɓoye lalurar da Allah ya bar shi da ita? Wani zai ce wannan girman kai ne, domin wanda ya karɓi rauninsa da haƙuri ba ya damuwa da wanda ya ji ko ya gani. Wani ma zai ƙara da cewa ɓoyewa ƙanwar ƙarya ce.

Mu dai ba mu yarda da haka ba. Yaudara ita ce ka ɓoye wa mutum abin da yake da hakkin sani. Wanda ke zaune kusa da dattijon nan a benci ba shi da wani hakki a kan abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Harshenmu ma ya riga ya yanke wannan shari'a. Kalmar sutura tana nufin tufafi, tana kuma nufin rufe abin da zai kunyata mutum, har gawa ma sutura ake yi mata. In an yi mana alheri, babbar godiyarmu ita ce, "Allah ya rufa asiri." Ashe kuwa abin da muke roƙa wa juna dare da rana ba zai zama laifi ba don wani ya neme shi a kantin magani. A Littafin Farawa, sura 9, Shem da Yafet sun tafi da baya-baya suka lulluɓe mahaifinsu Nuhu, aka sa musu albarka. Nuhu kuwa shi ya jawo wa kansa abin kunyar. Ina ga wanda ciwo ne ya same shi?

Lalurar nan ba ta zaɓen mutum. Tana zuwa wa maza ta kumburin ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, ko bayan an yi musu aiki a kanta. Tana biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga da ya daɗe, da raunin laka a haɗarin mota, da yawan haihuwa, da ruɗewar tsufa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mai ƙarfin yau shi ne wanda za a kwantar a tayar gobe.

Tun da haka ne, ƙauna ba ta isa ba sai an haɗa ta da sani. Wandon roba irin na dā, mai kauri, yana tara zafi da gumi, yana kuma bushewa ya tsattsage in man basilin ya taɓa shi, daga nan ƙarar tasa ta ƙaru. Yanzu akwai wanda ake yi da yadi mai laushi, an shafe cikinsa da siririyar roba da ake kira foliyuretan. Ba ya ƙara sosai, ba ya fitowa a ƙarƙashin tufafi, ana wanke shi a sake sawa. A tambaya a manyan kantunan magani da wuraren sayar da kayan asibiti. A zaɓi wanda zai rufe ƙunzugun gaba ɗaya, robar ƙugu da ta cinya kada ta matse har ta yi shaida a fata. A wanke shi da sabulu marar kaifi, a shanya a inuwa. Shi kuwa mai lalurar, a riƙa canza masa da zarar ya jiƙe, a wanke fatar a busar da ita, domin fitsarin da ya kwana a jiki cikin zafin ƙasarmu shi ke kawo ƙuraje da gyambo. Kada wani ya ce waɗannan ƙananan abubuwa ne da ba su dace da shafin Ikkilisiya ba. A kansu ne fitar dattijo cikin mutane ta rataya.

Sai dai sutura tana da iyaka, wajibi ne kuma mu faɗe ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da ya halatta a ɓoye wa jama'a bai halatta a ɓoye wa likita ba, gama da yawa daga cikin waɗannan lalurori suna da magani ko sauƙi. Mu tuna da 'yan'uwanmu mata masu yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke jawowa. Da yawansu sun yi shekaru a ɗakin bayan gida suna fama da tsumma, miji ya juya baya, alhali aikin tiyata yana iya rufe ƙofar. Ana yin wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina, inda Dakta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya fara shi tun cikin shekarun 1980, da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Evangel a Jos, da Danja kusa da Maraɗi. Marigayiya Sista Dakta Ann Ward ta ba da shekaru masu yawa na rayuwarta ga irin waɗannan mata a Itam, Jihar Akwa Ibom. Tun 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ke tunawa da su kowace ranar 23 ga Mayu. Iyalin da suka saya wa 'yarsu wandon roba suka hana ta zuwa asibiti don gudun surutun mutane, asirin kansu suka rufa, ita kuwa sun cuce ta.

Saura namu laifin. Me ya sa dattijon nan yake tsoron ƙarar wando haka? Domin ya san mu. Ya ga yadda muke toshe hanci, da yadda muke matsawa gefe, da yadda yaranmu ke ƙyalƙyala dariya ba mai tsawata musu. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, shi kuwa ya shekara saba'in yana tattalin nasa. Da mun kasance masu kau da kai, da kaurin wando bai hana kowa shiga ɗakin Ubangiji ba.

Saboda haka muna roƙon kwamitocin majami'u su gyara makewayi, su sa masa ƙofa mai rufuwa da ruwa. Masu tsara zama su bar wuri kusa da ƙofa ga duk wanda ya nema, ba tare da tambayar dalili ba. Zumuntar Mata da ƙungiyar St. Vincent de Paul su sa waɗannan kaya cikin abin da suke kai wa marasa lafiya, gama tsadarsu ta fi ƙarfin mai ɗan fansho, a kuma kai su a naɗe, ba a gaban baƙi ba. Ranar 11 ga Fabrairu, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe wa marasa lafiya a 1992, dama ce ta fara wannan aiki.

Ɗan dattijon ya samo wandon a birni bayan mako uku. Baba ya dawo Misa, amma a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa. Wurinsa na benci na biyu yana nan ba kowa, ba mu kuma matsa masa ba. Allah ya rufa mana asiri duka, ya ba mu zuciyar rufa wa juna. Amin.