Fatalwa da Alhaki: Abin da Matattu ke Nema a Ƙagaggun Labarai

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da adabi ya san tambayar da ɗalibai kan yi da zarar an zo kan labaran ban tsoro, wato mene ne amfaninsu? Wasu na ganin ɓata lokaci ne kawai. Wasu kuwa na ganin abin ya wuce nan, domin a wurinsu marubucin da ya ta da matacce daga kabari ya yi wasa da hankalin jama'a. Tambayar tana da nauyi, bai kamata a kore ta da murmushi ba. Marubucin da ya hana mai karatu barci da gangan ya karɓi wani abu daga gare shi, saboda haka wajibi ne a tambaye shi abin da ya bayar a madadi. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa a cikin fitattun labaran duniya fatalwa alhaki ce da aka yi wa jiki da fuska, kuma ma'aunin labarin ban tsoro shi ne ƙofar da ya kai tsoron ya ajiye: ta wanda ya ci haƙƙi, ko ta wanda ba shi da mai tsaya masa.

Ya kamata a share wata hanya tun daga farko. Maganarmu a kan fatalwar cikin littafi take, ba ta maƙabarta ba. Musulmi ya san cewa wanda ya mutu ba ya dawowa yawo a duniya, kamar yadda kowa ya san cewa Gizo ba ya magana. Amma babu wanda ya taɓa kai mai tatsuniya ƙara don ya sa Gizo magana, tunda shi da kansa yakan rufe da jingina ƙaryarsa ga Gizon. A kan wannan fahimta za mu tafi.

Dodo da Fatalwa

Abubuwan ban tsoro a adabi sun kasu gida biyu. Kashi na farko shi ne na Dodo. A tatsuniyoyinmu Dodo a daji yake zaune ko a bakin rafi, yunwa ce ke kawo shi gari, kuma bai damu da wanda zai haɗiye ba. Maganinsa jarunta ce ko wayo, kamar yadda Auta ya yi masa da duwatsu masu zafi. Da zarar ya faɗi, gari ya huta, babu wanda zai kwana yana tuhumar kansa. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, a kan wannan turba yake: baƙo ne mai shan jini da ya taso daga Transylvania ya shigo Ingila ta jirgin ruwa, sai jarumai suka haɗu suka bi shi har ƙasarsa suka halaka shi.

Kashi na biyu shi ne na fatalwa, kuma halinta daban ne ƙwarai. Fatalwa 'yar gida ce. Tana da suna, tana da dangi, akwai ranar da ta mutu, akwai kuma dalilin mutuwar. Ba a kashe ta, domin ta riga ta mutu. Ba ta cin kowa, sai dai ta tsaya ta duba. Ke nan takobi ba shi da aiki a kanta, abin da take jira shi ne amsa. Shi ya sa labarin Dodo yakan tambayi wane ne jarumi a garin nan, labarin fatalwa kuwa yakan tambayi me aka aikata a gidan nan.

Gidan Atina

Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran fatalwa da aka rubuta yana cikin wata wasiƙa ta Pliny Ƙarami, marubucin Rum da ya rayu a ƙarshen ƙarni na ɗaya da farkon na biyu na Miladiyya. Ya ba da labarin wani babban gida a birnin Atina na ƙasar Girka wanda ya gagari zama, domin da dare akan ji ƙarar sarƙa, sa'an nan wani tsoho ramamme mai dogon gemu ya bayyana da mari a ƙafafunsa. Wani masanin falsafa mai suna Athenodorus ya ga an karya kuɗin haya, ya bincika dalili, ya kama gidan duk da haka. Da dare ya zauna yana rubutu. Fatalwar ta zo ta yafuto shi, ya yi mata alama da hannu ta dakata, daga baya ya ɗauki fitila ya bi ta har tsakar gida inda ta ɓace. Ya sa alama a wurin da ganyaye. Washegari ya sa hukuma ta haƙa, aka tarar da ƙasusuwan mutum ɗaure da sarƙa. Aka yi musu sutura yadda ya kamata, gida ya zauna lafiya.

Kusan duk abin da labarin fatalwa ke buƙata yana nan. Akwai wuri guda da abin ya ƙi bari, akwai maimaituwa dare bayan dare, akwai shiru, domin tsohon bai ce uffan ba. Abin lura kuma shi ne, waɗanda suka gudu daga gidan ba su warware komai ba. Wanda ya warware shi ne wanda ya daure ya bi, ya tambayi ƙasa abin da ta rufe. An ɗaure mutum, an binne shi kamar dabba, an manta. Haƙƙin da aka danne shi ne yake jan sarƙa.

Wa ke Ganin Fatalwar?

Marubutan da suka zo daga baya sun gane cewa ƙarfin fatalwa yana ga wanda aka zaɓa ya gan ta. A wasan kwaikwayon Macbeth na William Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1606, Macbeth ya kashe sarkinsa ya hau gadon mulki, sa'an nan ya sa aka kashe abokinsa Banquo. A daren da ya tara fadawa walima, sai ya tarar da Banquo zaune a kujerarsa jina-jina. Babu wanda ya gan shi a zauren sai Macbeth kaɗai, ya riƙa sambatu yana tona wa kansa asiri. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shakespeare bai sa fatalwar ta ce komai ba, zama kawai ta yi, mai laifin ya ƙarasa sauran aikin da bakinsa.

Charles Dickens ya ɗauki wata hanyar a cikin A Christmas Carol na 1843. Jacob Marley, wanda ya shekara bakwai da mutuwa, ya zo wa abokin cinikinsa Scrooge, wani marowacin attajiri na Landan, yana jan sarƙar da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da littattafan lissafi. A nan matacce ne mai laifin, sarƙar kuwa aikinsa ce ta duniya. Ya zo ne ya nuna wa mai rai cewa tasa sarƙar tana nan tana ƙara tsawo. Tsoron da Dickens ya dasa ya fito da amfani, domin Scrooge ya farka ya sake hali tun yana da sauran lokaci.

Dabarar duka biyu ɗaya ce, wato a nuna kaɗan a bar zuciya ta cike saura. Marubuciyar nan Ann Radcliffe, a wani sharhinta da aka buga a 1826 bayan rasuwarta, ta bambanta fargaba da ƙyama. Fargaba a ganinta tana faɗaɗa zuciya ta farkar da tunani, ƙyama kuwa tana ƙuntata ta ta daskarar da ita. Marubucin da ya cika shafi da jini da hanji ya sami ƙyama, amma mai karatu zai rufe littafin bai tambayi kansa komai ba.

Bashin Al'umma

Wani lokaci alhakin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A watan Janairu na 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta gudu da iyalinta daga jihar Kentucky ta Amurka, suka ƙetare kogin Ohio bisa ƙanƙara. Da masu farautar bayi suka kewaye su, sai ta yanka 'yarta mai shekara biyu don kada a mai da ita cikin bauta. A kan wannan abin da ya faru Toni Morrison ta gina littafinta Beloved, wanda ya fito a 1987. Tauraruwarsa Sethe tana zaune a gida mai lamba 124 a gefen birnin Cincinnati, fatalwar jaririyar da ta kashe ta addabi gidan har 'ya'yanta maza biyu suka gudu. Bayan shekara goma sha takwas sai ga budurwa ta bayyana ɗauke da sunan da aka rubuta a kan kabarin yarinyar. Ta tare a gidan, tana ƙiba, uwar tana ramewa wajen neman gafarar da ba ta ƙarewa.

Wa ya kamata ya biya wannan bashi? Uwar da ta riƙe zarto, ko tsarin da ya sa mutuwa ta fi rayuwa sauƙi a idon uwa? Littafin tarihi zai iya ba da adadin bayi da farashinsu a kasuwa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya zaunar da wadda aka kashe a kan teburin cin abinci ta dubi kowa. Wannan aikin fatalwa ce kaɗai ke iya shi. Kuma a ƙarshe matan unguwa ne suka taru a ƙofar gidan da addu'a da waƙa kafin baƙuwar ta ɓace, wato nauyin da jama'a suka bar wa mutum ɗaya sai jama'a sun dawo sun kama.

Inda Haɗarin Yake

Duk da haka, mai sukar labaran ban tsoro yana da hujjar da ba za a raina ba. In fatalwa mai shigar da ƙara ce, to, wa ya tantance shaidarta? Shakespeare da kansa ya ga wannan matsala. A wasan Hamlet fatalwar sarkin Denmak ta gaya wa ɗanta cewa ƙaninsa ne ya kashe shi da guba, ta nemi fansa. Hamlet bai yarda nan take ba, yana tsoron ko Shaiɗan ne ya ari kamannin ubansa, sai da ya shirya wasan kwaikwayo a fada don ya ga fuskar wanda ake zargi. Zancen fatalwar ya tabbata, amma kafin a rufe labule mutum takwas sun mutu, yawancinsu ba su da hannu a kisan farko. Gaskiyar ƙorafi ba ta wanke hanyar da aka bi wajen ramuwa.

Henry James ya ƙara zurfafa abin a cikin The Turn of the Screw na 1898. Wata budurwa da aka ɗauka renon marayu biyu a wani gidan karkara ta ce tana ganin matattun ma'aikatan gidan guda biyu, kuma ta haƙiƙance yaran suke nema. Babu wanda ya tabbatar da ganin nata. Ta tsananta wa yaran da sunan ceto har namijin ya mutu a hannunta. A 1934 manazarci Edmund Wilson ya kawo ra'ayin cewa fatalwun a cikin kan yarinyar kawai suke, kuma masana sun daɗe suna jayayya a kan haka. Ko wanne ɓangare mutum ya ɗauka, yaron dai ya mutu, kuma wadda ta fi kowa tabbacin tana yaƙi da sharri ce ta riƙe shi.

Mafi muni shi ne ranar da irin wannan labari ya fita daga littafi ya shiga kotu. A 1692 a garin Salem na Massachusetts, alƙalai sun karɓi shaidar wasu 'yan mata da suka ce kurwar wance da wane tana zuwa tana azabtar da su. Aka rataye mutum 19, mata 14 da maza 5, aka danne wani tsoho da duwatsu har ya mutu. Waɗanda aka fara kamawa su ne wata baiwa, da wata mai bara, da wata dattijuwa marar lafiya da ta daina zuwa coci. Mu da muka san yadda kalmar maita kan faɗa kan tsohuwar da ba ta da ɗa a gari, ba ma buƙatar dogon bayani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tsoro a adabi ba shi da laifi a karan kansa, haka kuma ba shi da lada a karan kansa. Inda aka nufa da shi ne abin dubawa. Masu iya magana sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Fatalwar Pliny da ta Shakespeare da ta Dickens da ta Morrison duk sun bi wannan ƙa'ida, kowacce ta nufi wurin da aka ci amana, ta tilasta masu rai su tono abin da suka rufe. Labarin da ya saki kwikwiyon a kan wanda ba mai shi ba, ya sa fuskar mugunta ga tsohuwa ko mahaukaci ko baƙo don kawai ba su da mai kare su, ya ƙara zalunci ne a kan wanda ke akwai, komai daɗin salonsa.

Saboda haka, ɗalibin da ke son gwada alƙalaminsa a wannan fage ya kamata ya amsa tambayoyi uku kafin ya fara. Me aka yi wa wannan matacce? Wa zai gan shi, kuma don me shi? Me zai sa ya kwanta? Wanda ya iya amsa su yana da labari a hannu, kuma barcin da zai hana mai karatunsa ba zai tafi a banza ba.